Hotunan farko na fagen fama: gawar wa aka nuna, ta wa aka ɓoye?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata magana da ake yawan maimaitawa duk lokacin da aka tayar da zancen hotunan yaƙi. Maganar ita ce wai tun ranar da kyamara ta shiga fagen fama jama'a suka ga yaƙi yadda yake, suka daina yarda da zanen masu zane da kirarin mawaƙa, daga nan kuma zukatansu suka juya wa yaƙi baya. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da cewa gani ya kori ji. Ina ganin akwai gaskiya a cikin zancen, amma tarihin shekaru 50 na farko na wannan sana'a ya nuna cewa abin da jama'a suka gani an riga an tace shi kafin ya iso gare su, kuma tacewar ta bi wata hanya guda wadda ya kamata duk mai buga jarida da duk mai karanta ta su san da ita.

Sai an fara fahimtar yadda kayan aikin suke kafin a fahimci hotunan. A shekarar 1851 wani Bature ɗan Ingila mai suna Frederick Scott Archer ya fito da hanyar ɗaukar hoto a kan farantin gilashi, kuma da ita aka yi aiki a da yawa daga cikin yaƙe-yaƙen da zan ambata. Mai hoto zai shafa wa gilashin wani ruwan sinadari mai danƙo, ya tsoma shi a ruwan azurfa a cikin duhu, ya sa shi a kyamara tun yana jiƙe, ya buɗe idon kyamarar na daƙiƙu da dama, sannan ya koma cikin duhu ya wanke hoton kafin gilashin ya bushe, abin da ba ya wuce minti 10 ko makamancin haka. Saboda haka dole ya riƙa jan ɗakin duhunsa duk inda za shi, kuma duk abin da ya motsa a gaban kyamara ba ya fitowa sai dai dishi-dishi. Da irin wannan kayan ba a iya ɗaukar doki a guje, ko soja yana faɗuwa, ko igwa tana aman wuta. Abin da zai ɗauku shi ne abin da ya tsaya cik: hafsa da ya gyara tsayuwa, da tanti, da rusasshiyar ganuwa, da gawa. Ke nan tun daga tushe, hoton yaƙi na wancan zamani hoto ne na kafin a gwabza ko na bayan an gama, kuma tsakanin ƙarewar faɗa da isowar mai hoto akwai lokaci mai yawa da za a kwashe wasu abubuwa, a bar wasu.

An ɗauki wasu 'yan hotuna a yaƙin Amurka da Meziko a 1847, amma mutane kaɗan ne suka gan su. Wanda aikinsa ya fara isa ga jama'a da yawa shi ne Roger Fenton, wanda ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Balaklava a watan Maris na 1855, lokacin yaƙin Kirimiya da Ingila da Faransa da Daular Usmaniyya suka yi da Rasha. Ya zo da keken doki na wani mai sayar da giya wanda ya mayar ɗakin wanke hoto, da mataimakinsa Marcus Sparling, da takardun gabatarwa daga Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria. Wanda ya ɗauki nauyin tafiyar ɗan kasuwa ne mai sayar da hotuna a Manchester, Thomas Agnew, kuma niyyarsa ita ce ya sayar da abin da za a kawo.

A lokacin da Fenton ya isa, mutanen Ingila sun riga sun san cewa ana cikin bala'i. Wakilin jaridar Times ta Landan, William Howard Russell, ya shafe watanni yana aiko da rahotanni a kan sojojin da sanyi da kwalara da yunwa suke kashewa saboda sakacin shugabanninsu, har fushin jama'a ya kai ga faɗuwar gwamnatin Lord Aberdeen a watan Janairu na 1855. Sojojin Ingila fiye da 20,000 ne suka mutu a wannan yaƙi, kuma mafi yawansu cuta ce ta kashe su. Fenton ya bar Kirimiya a watan Yuni da hotuna kimanin 360, kuma babu gawar mutum ko ɗaya a cikinsu. Akwai hafsoshi zaune a bakin tanti ana zuba musu abin sha, akwai jiragen ruwa a tasha, akwai sojoji sanye da rigunan fatar tumaki masu ɗumi. Ba rashin gani ne ya hana shi ba, domin a wasiƙun da ya aika gida ya ba da labarin ƙwarangwal ɗin mutane da ya tarar a fili, rabi a binne rabi a waje. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya duba waɗanda za su sayi hotunan: iyalan hafsoshi ne da masu hali, kuma babu mai biyan kuɗi ya rataye hoton gawar ɗansa a bango. A wannan yaƙi dai alƙalamin Russell ne ya faɗa wa mutane gaskiya mai ɗaci, kyamara kuwa ta kwantar musu da hankali.

Hoton Fenton da ya fi shahara na wani kwari ne da babu kowa a cikinsa, sai ƙwallayen igwa warwatse. Ya ɗauke shi sau biyu a rana guda, 23 ga Afrilu, 1855, daga wuri guda. A ɗaya ƙwallayen suna cikin kwata a gefen hanya, a ɗayan kuma ga su barbaje a kan hanyar kanta. Wani ne ya ɗauke su ya ɗora, kuma na biyun ne aka fi yaɗawa domin ya fi tayar da tsikar jiki. Wannan ƙaramin abu ne idan aka gwada shi da abin da ya biyo baya, amma ya nuna cewa gyara fage domin hoto ya yi kyau tare aka haife shi da sana'ar.

Gawawwaki sun fara bayyana ne bayan da kyamara ta bi rundunar Ingila zuwa ƙasashen da take mamayewa, kuma a nan ne nake so mai karatu ya dakata ya yi tunani. Felice Beato, wanda ya yi aiki a Kirimiya bayan tafiyar Fenton, ya isa Indiya a 1858, lokacin da ake murƙushe boren da aka yi wa mulkin Ingilishi. A birnin Lucknow akwai wani lambu mai katanga da ake kira Sikandar Bagh, inda sojojin Ingila suka kashe Indiyawa kimanin 2,000 a watan Nuwamba na 1857. Beato ya zo bayan watanni, ya ɗauki hoton farfajiyar cike da ƙoƙunan kai da ƙasusuwa, ga wasu Indiyawa tsaye a baya tare da doki. Wani babban jami'in Ingilishi da ke birnin a lokacin ya rubuta daga baya cewa sai da aka tono ƙasusuwan aka baje su domin a ɗauki hoton. Bayan shekara biyu Beato ya bi rundunar Ingila da Faransa zuwa ƙasar Sin, ya shiga ganuwar Taku a watan Agusta na 1860 jim kaɗan bayan an ci ta, ya ɗauki hotunan sojojin Sin kwance a kusa da igwoginsu. Wani likitan soja mai suna David Rennie ya ba da labarin yadda ya tarar da Beato cike da murna a kan wani tarin gawawwaki, yana roƙon kada a taɓa su sai ya gama ɗauka.

Sojojin Ingila da na Faransa ma sun mutu a Taku, amma ba su fito a hoto ba. Su an kwashe su, an yi musu sutura, an binne su da girmamawa. Waɗanda aka bari a fili domin kyamara su ne waɗanda aka ci da yaƙi, kuma masu sayen hotunan su ne hafsoshin da suka ci su, da 'yan uwansu a gida. Ga irin waɗannan masu kallo hoton ba ya cewa yaƙi mummunan abu ne. Cewa yake ga sakamakon wanda ya ja da mu. Haka abin ya ci gaba har ƙarshen ƙarnin. A Omdurman ta ƙasar Sudan, ranar 2 ga Satumba, 1898, rundunar Janar Kitchener na Ingila ta kashe mayaƙan Mahadi fiye da 10,000 cikin 'yan sa'o'i, ita kuwa ba ta rasa mutum 50 ba, kuma hotunan da aka ɗauko na matattun da ke zube a fili sun shiga kundin tunawa da nasara. Ban ga yadda za a ce irin waɗannan hotuna sun sa jama'ar Turai ƙin yaƙi ba. Abin da suka koya musu shi ne cewa akwai mutanen da mutuwarsu abin kallo ce.

A Amurka ne lamarin ya ɗan sauya, saboda yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, wanda jihohin Arewa da na Kudu suka gwabza, yaƙi ne tsakanin mutane masu harshe ɗaya da kama ɗaya. Ranar 17 ga Satumba, 1862, aka gwabza a Antietam ta jihar Maryland, inda aka kashe ko aka raunata ko aka nemi mutum kimanin 23,000 aka rasa a yini guda. Bayan kwana biyu Alexander Gardner da James Gibson, waɗanda suke aiki a ƙarƙashin shahararren mai hoto Mathew Brady, suka shiga filin tun ba a gama binne matattu ba. A watan Oktoba Brady ya baje hotunan a shagonsa da ke titin Broadway a birnin Niyok, mutane suka yi ta tururuwa suna hawa bene domin su gani. Jaridar New York Times ta 20 ga Oktoba ta rubuta cewa idan Brady bai ɗauko gawawwakin ya shimfiɗa su a ƙofar gidajen mutane da kan tituna ba, to ya yi abin da ya yi kama da haka ƙwarai. Marubucin ya lura cewa da gilashin ƙara girma ana iya gane fuskokin, ya kuma bayyana fargabar kada wata mace da ta sunkuya tana kallo ta gane mijinta ko ɗanta ko ɗan uwanta. Likita kuma marubuci Oliver Wendell Holmes, wanda ya je filin da kansa neman ɗansa da aka harba, ya rubuta a 1863 cewa duk mai son sanin mene ne yaƙi ya dubi waɗannan hotuna, ya ƙara da cewa shi kansa ya ji kamar ya ɓoye su a can cikin akwati kamar yadda ake binne gawa.

Wannan shi ne lokacin da masu cewa kyamara ta buɗe idon jama'a suke nufi, kuma ban musa ba. Mutanen da suka saba ganin zanen janar a kan farin doki da takobi a sama sun ga kumburarrun gawawwaki jere a bakin shinge, an cire musu takalma, an zazzage aljihunansu. Bayan wannan, da wuya mutum ya sake ɗaukar mutuwa a fagen fama a matsayin abu mai tsabta. To amma ko a nan ma tsohuwar ƙa'idar ba ta kau ba. Mafi yawan matattun da ke cikin hotunan Antietam sojojin Kudu ne, domin rundunar Arewa ce ta riƙe filin, kuma nata mutanen ta fara binnewa. Mutanen Niyok, waɗanda 'yan Arewa ne, galibi gawar abokan gaba suka hau bene suka kalla.

Sannan mutum nawa ne ma suka ga hotunan da idonsu? A wancan lokaci injin buga jarida ba ya iya buga hoto kai tsaye, kuma wannan dabara ba ta yaɗu ba sai wajen shekarun 1890. Abin da mujallu irin su Harper's Weekly suke yi shi ne su ba masassaƙi hoton ya kwaikwaye shi a kan katako, a shafa tawada a buga. A hannun masassaƙin fuskar da ta ruɓe takan koma fuskar mai barci. Ainihin hoton sai wanda ya je shago, ko wanda ya sayi katin nan mai hoto biyu gefe da gefe da ake leƙawa ta wani madubi a ga abin kamar za a taɓa shi. Yaƙin kuwa ya ci gaba har shekara biyu da rabi bayan Antietam, aka yi asarar rayuka fiye da 600,000 a yaƙin baki ɗaya, kuma a watan Nuwamba na 1864 'yan Arewa suka sake zaɓen Shugaba Abraham Lincoln a kan ya ci gaba da yaƙin har a ga ƙarshensa.

Abin da ya faru a filin daga na Gettysburg, a jihar Pennsylvania, a watan Yuli na 1863 shi ne ya fi damuna a cikin wannan tarihi duka. Gardner da abokin aikinsa Timothy O'Sullivan sun tarar da gawar wani saurayi sojan Kudu a kan gangare, suka ɗauke shi hoto a inda ya faɗi, sannan suka ɗauki gawar suka kai ta wani lungu tsakanin duwatsu, suka juya fuskarsa wajen kyamara, suka jingina bindiga a bango, suka sake ɗauka. A littafin hotuna 100 da Gardner ya fitar a 1866, ya gabatar da shi a matsayin gwanin harbi da ya mutu a maɓoyarsa, har ya tsara labarin yadda ya kwanta yana jiran ajali. Fiye da shekara 100 mutane suna kallon wannan hoto suna gaskata labarin, sai a 1975 masanin tarihi William Frassanito, wanda ya bi filin dutse bayan dutse yana gwada hotunan da wuraren, ya tabbatar da cewa gawa ɗaya ce aka ɗauka a wuri biyu. Ya kuma gano cewa wasu hotuna biyu na littafin, waɗanda bayanin ɗaya ya ce matattun 'yan tawayen Kudu ne, na ɗayan kuma ya nuna su a matsayin sojojin Arewa da suka ba da ransu, mutane ɗaya ne aka ɗauka ta fuska biyu. A ƙarƙashin hoto na farko an ce sun gamu da sakamakon tawayensu, a ƙarƙashin na biyu an yaba musu. Gilashin bai yi ƙarya ba, domin mutanen sun mutu da gaske, amma 'yan layukan da aka rubuta a ƙasa su ne suka gaya wa mai kallo ko ya ji tausayi ko ya ji daɗi.

Hukumomi ba su daɗe ba suka gane amfanin wannan. A 1864, da aka sako wasu fursunonin Arewa daga sansanonin Kudu sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, an ɗauke su hoto, wani kwamitin majalisar dokokin Amurka ya sa zanen hotunan a rahotonsa, mujallu suka buga, kuma abin da ya biyo baya shi ne kiran a ɗau fansa. Wahalar mutanen gaskiya ce, amma an nuna ta ne domin a ƙara wa yaƙin wuta. A birnin Faris kuma, bayan an murƙushe boren 1871, 'yan sanda sun yi amfani da hotunan da 'yan boren suka tsaya aka ɗauke su a bakin shingayensu wajen gano su da kama su, yayin da wani mai hoto, Eugène Appert, ya riƙa yanko fuskokin mutane yana liƙawa a jikin waɗanda ya sa suka kwaikwayi kisa, ana sayar da abin a matsayin shaidar laifin 'yan boren.

Akwai wani hoto na wannan zamani da nake ganin ya yi aikin da ake jingina wa hotunan yaƙi gaba ɗaya, kuma ba a filin daga aka ɗauke shi ba. Shi ne na wani bawa da ya gudo zuwa sansanin sojojin Arewa a Baton Rouge ta jihar Louisiana a 1863, aka ɗauki bayansa da tabon bulala ya yi tudu-tudu. An buga shi a kati an yaɗa, Harper's Weekly ta fitar da zanensa a watan Yuli na shekarar. Ya ratsa mutane saboda ya nuna musu abin da masu bayi suka daɗe suna musantawa, kuma mutumin yana da rai, ya zauna da kansa aka ɗauke shi. Amma shi ma bai sa an ƙi yaƙi ba. Ya ƙara wa 'yan Arewa da yawa yaƙinin cewa yaƙin nasu yana bisa gaskiya.

Da aka daina harbi, jama'a ba su ma son ganin hotunan. Littafin Gardner, wanda aka sa wa farashin dala 150, bai yi kasuwa ba. Brady, wanda ya zuba dukiyarsa a aikin yana sa ran gwamnati za ta saya, ya karye, sai a 1875 majalisa ta ba shi dala 25,000, kuma ya mutu cikin talauci a 1896. Haka ma a Ingila, da aka yi sulhu da Rasha a 1856 sai aka yi gwanjon ragowar hotunan Fenton. Gwamnatoci kuwa sun riƙe darasinsu da kyau. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da ƙaramar kyamara ta riga ta shiga hannun kowa, rundunar Ingila ta hana sojojinta riƙe ta a bakin daga, ta naɗa nata masu hoto a 1916, kuma ba a cika barin hoton gawar ɗan Ingila ya fita ba. A Yaƙin Duniya na Biyu sai a watan Satumba na 1943 hukumomin Amurka suka yarda mujallar Life ta buga hoton sojojinsu uku kwance a gaɓar tekun Buna da ke tsibirin New Guinea, ba a ga fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, alhali hotunan gawawwakin abokan gaba sun daɗe suna fitowa.

Saboda haka, ya Edita, ina da roƙo a kan yadda jaridarka take amfani da irin waɗannan hotuna, tsofaffi ko sababbi. Idan za a buga hoton yaƙi, a rubuta a ƙarƙashinsa wanda ya ɗauka da ranar da ya ɗauka, a kuma faɗi ko tare da wata runduna yake tafiya, domin mai karatu ya san ta wane ɓangare aka tsaya aka leƙa. Idan masana sun tabbatar cewa an gyara fagen, kamar na Sikandar Bagh ko na saurayin Gettysburg, a faɗa a wurin, kada a bar hoton yana yawo da tsohon labarinsa. Kuma kafin a buga fuskar mamaci, ko daga wane ɓangare yake, ina roƙon wanda ke zaɓen hotunan ya tambayi kansa ko zai yarda a buga ta da a ce iyayen mamacin suna cikin masu sayen jaridar gobe da safe.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Wassalam,
Naka mai karatu a kullum.